Motar Kawu a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar tawa ba wata abar nunawa ba ce. Irin ta tebur ce, baƙa, siririya, wadda ofisoshi ke rabuwa da ita idan sun gaji. Na saye ta hannu na biyu a shekarar da na fara koyarwa a wata sakandare a Ƙaura Namoda, don in riƙa buga tambayoyin jarrabawa a gida. Idan na kunna ta da safe, sai in je in yi wanka in dawo kafin ta gama farkawa. Ban taɓa jin haushinta ba. Abin da na saye ta dominsa tana yi, kuma 'yar solar da ke gidana tana ɗaukarta tare da fanka muddin akwai rana.

Wasa guda ɗaya ne a cikinta, wani abokin aiki ya zuba min. Na tuƙin babbar mota ne: a ba ka kaya a wani gari na ƙasar Turawa, ka kai su wani gari. Babu faɗa, babu harbi, tafiya ce kawai. Nakan taɓa shi ranar Asabar idan na gama duba littattafan ɗalibai. Hoton yakan tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya, kamar mai shaƙuwa, amma na saba har na daina lura.

Kawuna ƙanen mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi. Ya fi shekara talatin yana tuƙin babbar mota, yana kwasar gero da dawa da wake, wani lokaci dabbobi, daga kasuwar Shinkafi zuwa duk inda mai kaya ya ce. Mutum ne mai murya. Tun yana bakin layi za ka san ya dawo, don sai ya tsokani kowa kafin ya iso ƙofar gida. Wata rana a ƙarshen damina yana alwala a tasha buta ta suɓuce daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa miƙewa. Aka kai shi asibiti a Gusau. Da aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na hagu ya yi nauyi, ƙafar tana ja, hannun yana kwance a cinya kamar na aro.

Na ɗauko shi da matarsa, wadda nake kira Inna, na dawo da su gidana, saboda ya fi kusa da asibiti kuma akwai fanka. Likita ya ba shi wata ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa da hannun hagu. Kawu ya dubi ƙwallon ya tura ta ƙarƙashin matashi. Ba ciwon ne ya fi tayar mana da hankali ba, shirun ne. Bakinsa lafiya lau, likita ma ya faɗa, amma mutumin da ba a iya tsayar da shi idan ya fara labari ya koma daga “i” sai “a'a”. Abokansa direbobi suka yi ta zuwa gaisuwa, ya riƙa juya fuska bango, har suka rage zuwa. Inna takan fito tsakar gida ta share ido da bakin zane ta koma.

Wata Asabar da hantsi yana kwance a tabarma a falo, inda fankar take, ni kuma ina gefe a kan tebur. Na ɗauka barci yake. Na kunna wasan na rage murya. Na ɗauko kaya na kama wani hawa mai tsawo, injin yana gurnani yana neman mutuwa, ni kuwa ina ta danna gaba.

“Rage giya, Malam. Kashe ta za ka yi.”

Na waiga. Ya tayar da kai a kan hannunsa mai lafiya, idonsa a kan allon. Rabon da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka tun kafin ya faɗi. Na rage giyar, motar ta samu numfashi ta haye.

“Ka gani,” ya ce. “Kaya mi ka ɗauko?”

Na ce masa katako ne. Ya tambayi nauyinsu, na karanta masa. Ya yi tsaki ya ce da wannan nauyin tun daga gindin tudu ya kamata in shirya. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko zai gwada. Ya miƙo min hannu. Na ɗaga shi na zaunar a kujera, na nuna masa maɓallan gaba da birki da hagu da dama.

Da yatsu biyu na hannun dama ya fara. Cikin ɗan lokaci ya gane kanta. Ya riƙa duba madubi kafin ya canja hannu, abin da ban taɓa yi ba. Inna ta leƙo daga ƙofa, ta ga inda yake zaune, ta koma da baya a hankali don kada ya gan ta. Sai aka zo wata kwana mai kaifi. Yana shiga, hoton ya daskare. Da ya dawo, motar ta riga ta daki ƙarfen gefen titi ta kwanta, katako ya watse.

Kawu ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

“Shekara talatin ban taɓa kada mota ba,” ya ce. “Maida ni ƙasa.”

Na mayar da shi tabarma ya juya bango. Ranar na yini ina zargin kaina. Mutum yana fama da abin da ya rasa, ni kuma na ɗauko shi na nuna masa ƙarara cewa ko motar wasa ta fi ƙarfinsa.

Washegari muna cin tuwon rana, sai ya ajiye loma ya ce, “Ba laihina ba na. Na karya kan da wuri. Motag ga ce ba ta da lahiya, mai bai isa ga injin.”

Ashe kwana ya yi yana bitar kwanar a ransa. Na ce masa gaskiya ne, laifin kwamfutar ne, ta tsufa. Ya ce tsufa ba ciwo ba ne, a kai ta gareji.

A makarantarmu akwai malama mai koyar da kwamfuta, 'yar Zurmi, daga gidan alƙalai da malamai ta fito. Ba ta da yawan magana, amma duk na'urar da ta mutu a ofis ita ake kira. Ranar Litinin na same ta a ɗakin malamai na faɗa mata komai, ina ɗan jin kunya, don a bakina ma abin ya yi kama da shirme: babban mutum yana neman a gyara masa kwamfuta saboda wasa. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in buɗe cikinta in ɗauko mata hoto da waya.

Da na kwance murfin, abin da na tarar ya sa na yi salati. Zanzaro ya gina ɗakuna uku na laka a jikin ƙarfen, ga wata tsaka da ta mutu ta bushe a kusa da fankar cikinta, fankar kanta ta yi gashi. Malama ta daɗe tana duba hotunan tana buɗa su da yatsa.

“Abu biyu take buƙata, bayan shara,” ta ce. “Na farko ram. Ka ɗauke shi kamar faɗin teburin da take aiki a kai. Naka ƙarami ne, sai ta sauke wannan kafin ta ɗora wancan, shi ya sa take tsayawa. Akwai gurbi ɗaya da ba kowa, za a ƙara. Na biyu katin hoto. Yanzu ma'aikaci ɗaya ne ke lissafi, shi ne kuma ke zana duk abin da kake gani. Idan ka sa kati, ka ɗauko masa mai zane ke nan.”

Ta gargaɗe ni kada kwaɗayi ya ja ni ga babban kati, domin tukunyar wutar da ke cikin kwamfutar ƙarama ce, ba za ta iya ciyar da shi ba. Ta rubuta min irin wanda zan nema, ƙarami, wanda ba ya buƙatar wayar wuta tasa daban.

Ram ɗin bai ba ni wuya ba. Wani mai gyara a bakin kasuwar Ƙaura ya ciro min daga cikin wata matacciyar kwamfuta, ya goge shi da bakin riga. A wurinsa na samu abin riƙewa na 'yan gidan gem, wanda suke kira hannu, tsoho amma yana aiki. Katin ne ya gagara. Na zaga Ƙaura ban samu ba, har Malama ta haɗa ni da wani ɗan kasuwa a Shinkafi da ke shigo da kayan gwanjo ta wajen Nijar. Ya turo hoto, ta duba ta ce shi ne. Saura mai kawowa.

Akwai wani tsohon abokin Kawu, tsaransa, da har lokacin yake bin hanyar Shinkafi da ƙaramar motar kaya. Yana cikin waɗanda Kawu ya juya wa baya, amma bai riƙe ba. Na kira shi, ya ce ranar kasuwa zai karɓo, da la'asar yana ƙofar gidana.

La'asar ta yi bai zo ba. Na kira, waya a kashe. Washegari ma haka. Duk wanda ya zauna a yankinmu a shekarun nan ya san abin da ke zuwa wa mutum a rai idan nasa yana kan hanya wayarsa ta daina shiga. Na je tasha sau biyu, babu wanda ya gan shi. Ban faɗa wa Kawu ba, amma ya gane, don ya ƙi cin abinci yana ta jan carbi. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Idan wani abu ya sami dattijon nan saboda ɗan ƙarfen wasa, da wane ido zan dubi iyalinsa?

Ranar Asabar da safe muka ji hon a ƙofar gida. Na fita ba takalmi. Ga shi yana saukowa, riga duk baƙin mai, yana dariya. Motar ce ta lalace masa bayan Jangeru, waya kuma ba caji, ya kwana biyu a wani ƙauye ana neman abin da ya karye. Na riƙe hannunsa na kasa saki. Ya shiga gaban mota ya ɗauko kular abincinsa ya buɗe. A ciki katin yake, an naɗe shi da leda da tsohuwar hula.

“An ce min bai son jijjiga,” ya ce.

Da ya shiga falo, Kawu bai juya bango ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai har yau ba ka iya duba mota kahin ka tashi ba?” Abokin ya zauna daɓas a tabarma yana dariya, idonsa ya kawo ruwa.

Malama ta tafi Zurmi sunan 'yar yayarta a wannan makon, amma ta bar min takarda da ta rubuta matakai ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida a inuwar darbejiya. Aka fito wa Kawu da kujera. Abokinsa ya ɗauko famfon iska daga mota ya riƙa hura cikin kwamfutar, ni ina kankare ginin zanzaro da tsinke. Kawu yana daga sama yana ba da umarni kamar yadda ya saba yi wa makanikai: a riƙe fankar kada ta juya, a tara sukurori a murfin kwano kada su ɓace. Muka koma falo. Na taɓa ƙarfen taga don in sauke wutar jikina, kamar yadda takarda ta ce, na danna ram a gurbinsa har ya yi ƙas. Na zura katin shi ma ya zauna. Sai dai ya ɗan fi akwatin tsayi, murfi ya ƙi rufuwa.

“Bar ta buɗe,” in ji Kawu. “Na yi shekara biyu ina jan mota ba bonet.”

Na mayar da wayoyi yadda na cire su, na yi bisimilla na danna maɓalli. Fanka ta tashi, ƙaramar fankar katin ma ta juya. Allo kuwa baƙi ƙirin. Muka jira. Na ce ai dama takan daɗe. Muka ƙara jira. Na kashe na sake kunnawa, haka. Na cire ram na mayar, na cire kati na hura na mayar, haka. Na bi takardar Malama da yatsa tun daga sama har ƙasa, babu abin da na tsallake. Na kira ta, layin bai shiga ba.

Gumi ya jiƙa min riga. Tambayoyin jarrabawar aji uku gaba ɗaya suna ciki, saura mako biyu a fara. Amma ko wannan bai dame ni kamar mutumin da ke zaune a bayana ba, wanda ya yi kwana goma yana tambayata ko kaya sun iso. Abokin ya sunkuya ya shinshina akwatin ya ce shi dai bai ji ƙauri ba, amma ƙila wani abu ya ƙone can ciki. Na zauna a ƙasa na dafe kai.

“Juyo min gindinta in gani,” Kawu ya ce.

Don kada in ƙi masa ne kawai na juya. Ya sa aka matso da kujerarsa. Ya daɗe yana kallon bayan akwatin, yana bin kowace waya da ido daga inda ta fito zuwa inda ta shiga.

“Wagga mai shuɗin kai, ina ta nuhwa?”

“Allo, Kawu. Ita ke kai hoto.”

“Kai ba ka ce sabon ƙarhen ga shi ka yin hoto yanzu ba?”

“Shi ne.”

“To kun ɗaura sabon famfo kun bar tiyo ga tsoho. Ga rami irin nata can ga sabon.”

Na duba. A bayan katin akwai wani gurbi shuɗi, daidai da wanda wayar take ciki. Na kwance ta na mayar can, na kunna. Allon ya yi ƙyafta ɗaya, sai haske. Rubutun ya fito manya-manya, mummuna, amma ga takarduna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Abokin ya yi kabbara da ƙarfi har Inna ta rugo daga madafa da muciya a hannu.

Saura mataki na ƙarshe a takardar. Malama ta ba ni filas, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, ta ce akwai wani abu a ciki da zan zuba don kwamfutar ta san yadda za ta yi da katin, wai sunansa direba. Da na faɗa, Kawu ya dubi abokinsa.

“Direba kuma? Ga mu biyu zamne.”

Ya yi dariya, bakin ya ɗan karkace, amma dariyarsa ce ta da, mai fitowa daga ciki.

Da wasan ya buɗe ni kaina ban gane shi ba. Ashe itatuwan gefen titi suna da ganye, ashe ruwan sama yana gangarowa a gilashi. Motar ta tafi sumul, babu shaƙuwa. Na miƙa wa Kawu hannun wasan. Nan wata matsala ta fito: da babban yatsan hagu ake juya sitiyari. Na ce bari in sauya masa zuwa dama. Ya ce in bari. Ya ɗauko hannun hagun da na dama ya ɗora shi a kan abin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Motar ta riƙa tangaɗi a fili kafin ta fita gari. Ya ce a nemo masa kwanar nan ta ranar. Muka yi kusan rabin awa kafin mu iso ta. Ya rage gudu tun daga nesa, ya buɗe, ya karya kan a hankali, jijiyar wuyansa ta tashi, tirelar ta biyo shi lafiya. Abokinsa ya buga cinya ya ce, “Shi ke nan!”

Da yamma kiran Malama ya shigo. Na ba ta labari, ta ce wallahi ta manta ta rubuta batun wayar, don a wurinta abu ne da ba ya buƙatar faɗi. Ta roƙi in ba Kawu haƙuri. Ya karɓi wayar ya ce mata babu komai, ɗiyata, kowane makanike yana mance sukuru ɗaya.

Inna ta yanko ƙyallen tsohon gidan sauro muka ɗaure a gefen da ya ƙi rufuwa, saboda zanzaro. Haka kwamfutar take har yau.

Ba zan ce wasan ne ya warkar da hannun Kawu ba. Bai warke duka ba ma, har yanzu ba ya iya ɗaga buta da shi, kuma yana shan magani yana zuwa gashin ƙashi a asibiti. Da na faɗa wa likita, cewa ya yi duk abin da zai sa ya motsa yatsun a bar shi ya yi, amma kada ya wuce awa ɗaya a zaune. Abin da na sani shi ne murya ta dawo gidana. Direbobi suka koma zuwa ranar Juma'a bayan masallaci, ana ba kowa hannu ya gwada, Kawu yana yi musu gyara. Yakan yi ƙorafin cewa titunan Turawan nan ba su koya wa mutum komai, babu rami, babu akuya, babu mai amalanke da zai faɗo maka ba sallama. Daga nan sai labarin wata shekara da gulbi ya cika suka kwana uku a bakinsa da buhu ɗari biyu na gero.

Wata rana na dawo daga makaranta da azahar na tarar da Inna ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gefen Kawu, tana ɓarar gyaɗa a faranti, idonta a kan allo. Na tsaya daga ƙofa. Ta ce min duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ɗaukarta a gaban mota ba, ko Zurmi za ta biki sai dai ya sa ta a motar haya, wai gaban babbar mota ba wurin mata ba ne.

“Yanzu kuwa ga ni,” ta ce. “Tun hantsi muke tahiya.”

Wata ƙaramar mota ja ta sha gabansu. Inna ta ajiye gyaɗar ta dafa gwiwarsa.

“Malam, rage gudu mana.”

Kawu ya yi gunaguni, ya taka birki.